A-kori-kurar Malam Nomau

Ku gyara zama, ku ba ni kunnuwanku, don in na gama ku ne alƙalai.

A ƙauyen Gangaren Kanya an yi wani dattijo, Malam Nomau. Daji ne ya zagaye ƙauyen, kuma duk shekara da ciyawa ta bushe sai masu farautar gafiya sun saka wuta. Motar 'yan kwana-kwana tana birni, hanyar kuwa ba ta ɗaukarta, in ma ta iso sai dai a yi jaje da ita. Shi ya sa Malam Nomau ya ɗora tankin ruwa a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa, ya ɗaure injin ban ruwa a gefe, ya haɗa mesa. Motar ba kyan gani, ƙofarta ma da igiya ake ɗaurewa, amma duk inda jaki ya bi tana bi.

'Ya'yansa uku. Sallau babba, shi ke tuƙi tun da idon tsohon ya fara rauni. Ilu shi ke kula da inji. Sai autarsu Kande, wadda ke aure a unguwar gabas amma kullum sai ta leƙo ta ga abin da uban ya ci.

Wata rana bayan azahar hayaƙi ya turnuƙe yamma da gari, ga iska tana kaɗawa. Aka duba, tsohon ba ya gida. Sallau da Ilu suka cika tanki a rafi, suka nufi gonarsa, don kowa ya san can yake wuni.

Kande ta shigo ta tarar an tafi. Ba ta tsaya kuka ba, ta leƙa zaure. Fartanya na nan a jingine, amma doguwar igiya da sababbin amyoyi biyu da ya saƙa babu su. Nan ta gane kurmi ya tafi rataya wa ƙudan zuma amya, kuma kurmin ne wuta ta dosa. Ta ajiye goyonta wurin maƙwabta, ta yanki gonaki da gudu ba takalmi, kututturen kara na tsaga mata ƙafa. A mararraba ta tare motar, ta tsaya tsakiyar hanya.

"Yaya, ku juya," in ji ta. "Baba yana kurmi, gindin tsamiya."

Kande ta hau, Sallau ya juya. Kafin su isa, wuta ta datse hanyar kurmi, tsayinta ya fi mutum. Ilu ya ce a kutsa ta gaba. Sallau ya ƙi, don uban ya koya masa ba a taryar wutar daji ta fuska, ta baya ake bin ta, inda ta riga ta cinye. Ya zagaya ya sa motar cikin baƙar ƙasa mai huci, kututture na ci dama da hagu, taya na warin ƙuna. Sitiyari ya yi zafi har tafin hannunsa ya sale, bai sake ba. Ni da na ga hannun nan daga baya, sai da na kau da kai. Ya kai su har inda suke hango tsohon kwance gindin tsamiya. Ashe garin saurin sauka daga bishiyar ya faɗo ya karye a cinya, wuta kuma ta kusa rufe shi.

Ilu ya ja inji, ya fara feshi, sai inji ya yi tari ya mutu. Fetur ya ƙare. Ku dubi wannan hali: ga ruwa cike da tanki, ga uba yana kallonka. Ilu ya zura siririyar roba cikin tankin man motar, ya zuƙo fetur da bakinsa, tartsatsi na sauka kewaye da shi. Ya zuba, inji ya tashi. Ya buɗe hanya da ruwa, ya miƙa wa Kande mesa, ya lulluɓa da jiƙaƙƙen buhu ya shiga ya goyo uban. Ilu dai a can ya baro gemunsa, har yau abokan wasa ba su bar shi ya huta ba.

Malam Nomau ya rayu, amma mai ɗori ya ce shi da daji sai dai hange. Da ya samu sauƙi ya tara su, ya ajiye makullin motar a kan buzu.

"Ba zan bar ta gado a raba ba," ya ce. "Motar da ke da ubangida uku, kafin su gama shawara gari ya ƙone. Ɗaya zan mallaka wa tun ina da rai, wanda ya fi bi na bashin raina. Amma na kwana bakwai ina tunani, na kasa."

Kowannensu ya sunkuyar da kai, ba wanda ya miƙa hannu.

Da Kande ba ta karanta zaure ba, da gona suka tafi. Da Sallau ya bi ta gaba, da gawa huɗu aka kwaso. Da Ilu ya ji tsoron fetur, da suna tsaye za su kalli ubansu yana ƙonewa. Ga kaka ta sake zagayowa, ciyawa ta fara bushewa, makulli kuma yana nan kan buzu. To, ku faɗa mini, a hannun wa tsohon nan zai sa shi?