Garwa Biyu a Ƙofar Gidan Balarabe

Akwai wani dattijo a Unguwar Shanu mai suna Irmiya, a shekarun da ma'aikata suka sha kuɗin Udoji, wato babban ƙarin albashin gwamnati. Duk abin da ya mallaka a duniya awaki tara ne da tsohuwar amalanke.

Kullum da safe yakan bi gidaje yana kwasar ragowar tuwo, ƙanzo da ɓawon doya. Ya shanya, awaki su ci, takinsu kuma ya kai wa masu lambu a Rafin Guza. Abu ɗaya yake roƙo: a zuba masa abinci a garwa daban, sauran shara daban.

Kowa ya yarda, ban da Balarabe, wani akawu da sabon albashi ya hau wa kai. Ya sayo ƙaton duro, ya shafe shi da koren fenti, ya girke a ƙofar gida kamar wani abin ado.

"Baba, an waye," in ji shi. "Motar shara za ta fara zuwa. Matata ba za ta zauna tana ware wa awaki abinci ba."

"Malam Balarabe, ai garwar ma ni zan kawo."

"Na ce a'a. In kana so, ga duro nan, ka tona."

Irmiya ya ja amalankensa ya wuce. Tsoho da shi, haka ya riƙa zura hannu cikin toka da fasassun kwalabe.

Wata rana ɓeraye suka dami Balarabe, ya cuɗa maganin ɓera da tuwo ya ajiye a lunguna. Da safe matarsa Sa'adatu ta share abin da ya rage, ta zuba a duro, tunda mazubin ɗaya ne. Irmiya ya zo ya tsince abinsa, ya kai wa awakinsa.

Kafin la'asar awaki takwas sun mutu. Ta taran ta bi su washegari.

Da Sa'adatu ta ji, sai ta ɗora hannu a ka. "Maigida, wallahi tuwon ɓeran nan ne!"

"Rufe mana baki! Wa ya aike shi?"

Irmiya bai kai ƙara ko'ina ba. Ya sayar da amalanken, ya hau jirgin ƙasan Kafanchan, ya koma ƙauyensu. Abin tausayi, ko sallama bai iya yi wa mutane ba.

Motar shara kuwa sau biyu aka ga ƙeyarta. Damina ta sauka, abinci ya ruɓe a ƙofar kowane gida, kwata ta toshe, ɓerayen suka ninka. Masu lambu suka rasa taki. Maƙwabta suka ji labarin tuwon, suka daina amsa gaisuwar Balarabe.

Sai a lokacin ya sayo garwa biyu. Kullum shi da kansa yake tsugunawa yana ware abinci gefe, shara gefe.

Maƙwabcinsa Bawa ya tsaya a kansa ya ce, "Wai wa kake ware wa?"

"Ko Baba Irmiya zai dawo."

"Ya dawo ya ba wa? Yana da akuya ne?"

Balarabe ya ci gaba da warewa, ƙudaje suna ta sauka a kan garwar.

Darasi: Ragowar da ka raina, abincin gidan wani ce. Ka ware shararka tun mai kwasa yana zuwa, kada ka wulaƙanta shi, don nadama ba ta tayar da abin da ya mutu. Ku tura wa 'yan unguwarku.