Layin Harira

An yi wani mutum a Hayin Banki, gwanin kwamfuta. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da iyali.

A lokacin akwai wani matashi, Jamaluddeen, da ya shekara uku yana taka lungunan Unguwar Shanu da Kawo da ƙafa, yana auna kowace kwana da kowane kwalbati, har ya haɗa taswirar da direba zai buɗe a waya. Ya kai ta hukumar kare haƙƙin mallaka ya yi mata rajista. Duk ranar da wata hanya ta lalace kuwa, a ranar yake gyara taswirarsa.

Mutumin nan ya kwafe ta cikin yini guda. Ya goge sunan mai ita, ya sa nasa, ya sayar wa masu motocin makaranta da araha. Matarsa ta ce, "Baban Aziza, anya wannan ba gumin wani ba ne?" Ya ce, "Ke dai yi girkinki. Titi na ɗauke masa?"

Ya 'yan uwana mata, sai an haura katanga ake zama ɓarawo?

Sammaci ya zo. Aka ba shi shawara ya janye taswirar daga hannun direbobi, ya ƙi, wai janyewa amsa laifi ce. A gaban alƙali ya rantse cewa kowane lungu da ƙafarsa ya taka. Aka ce har Layin Harira? Ya ce har shi. Alƙali ya ce to, a tashi a je ya nuna.

Suka je, sai katanga. Babu layi, ba a taɓa yin sa ba. Sunan mahaifiyar Jamaluddeen ne, ya dasa shi cikin taswirar don ya gane ɓarawonsa.

Yana tsaye gaban katangar nan wayarsa ta yi ƙara. Ruwan da aka tafka da safe ya cinye wani kwalbati a Unguwar Shanu. Jamaluddeen ya sa jan gargaɗi tun hantsi, amma kwafin sata ba ya gyaruwa. Sabon direban wata motar makaranta ya bi abin da waya ta nuna masa, ruwa ya rufe ramin, motar ta afka. Yara goma sha ɗaya ne a ciki. 'Yarsa Aziza ce a kujerar gaba. Ta rayu, amma har yau ɗaukarta ake yi.

Ni uwa ce. Kullum da safe yara biyu nake sakawa a mota, kuma tun da na ji wannan, sai na tambayi direba taswirar wa yake bi. Ku ma ku tambaya. Idan maigida ya shigo da abin da ba guminsa ba, ku faɗa, ku sake faɗa. Haƙƙin mutum ba ya ɓata hanya, kuma idan ya iso gida ba ya tambayar wa ya ci, wa bai ci ba.

Allah ya kiyaye mu da cin gumin wani, ya dawo mana da 'ya'yanmu da ƙafafunsu. Amin.