Yadda Kunun Gayya Ya Jawo Fushin Maɗaci

Dalilin da ya sa ɓawon maɗaci yake da ɗacin da ko akuya ta ɗanɗana ba ta komawa, laifin mutane ne, itacen ba shi da laifin komai. Ku matso ku ji, ku da kuke murtuke fuska duk ranar da aka miƙo muku jiƙo kamar an ce za a yanka ku. Ni labarin nan ban taɓa ba da shi raina bai ɓaci ba, don haka kada wanda ya katse ni.

A zamanin da, maɗaci zaƙi gare shi. Ba ma maɗaci ake ce masa ba a lokacin, amma tsohon sunan ya ɓace, sai in ci gaba da kiransa da wanda kuka sani. Idan aka jiƙa sassaƙensa a ƙwarya, ruwan yakan yi ja ya yi garɗi, kuma mai zazzaɓi in ya sha safe da yamma, kafin kwana uku ya miƙe yana neman tuwo. Yaro ba a yi masa ɗura. Da kansa yake karɓa ya shanye, har ya lashe ludayin.

A wani gari da ake kira Kwarin Dumma akwai itatuwan maɗaci guda tara a jere a bakin rafi. Wata tsohuwar ungozoma, Iya Barmani, ita ce mai kula da ɗibar sassaƙe, kuma ƙa'idarta ba ta da wuya. Ba a zuwa sai da mara lafiya a gida. In an je, a gai da itacen tukuna. A sari faɗin tafin hannu ta gabas, a sari faɗin tafin hannu ta yamma, a bar kudu da arewa, sannan a ɗebo laka a shafe raunin. Takan ce ta ɓawon nan itace yake rayuwa, ranar da sara ya zagaya ya haɗu da sara, ranar ya mutu. Haka aka yi ta yi tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa rasa magani a garin ba.

To akwai wani manomi, Mantau, mutum ne mai son a yabe shi fiye da yadda yake son abinci. Matarsa Yalwa, 'yarsu ɗaya tak, Kyauta, wadda suka samu bayan sun binne uku. Wata damina Mantau ya kira gayya don a yi masa noman gero. Kun san yadda gayya take, jama'a su zo da fartanyoyinsu, makaɗa su bi su da ganga, mai gona kuma ya ciyar da su. A gayyar da ta wuce maƙwabcinsa ya sa zuma a kunu, makaɗa suka wuni suna wasa shi. Abin nan ya tsaya wa Mantau a rai.

Ya ce wa matarsa, "Ke Yalwa, gobe in aka sha kununmu aka yi shiru, ni da fita dandali har abada."

Ta ce, "Maigida, zuma dai babu. Amma akwai ragowar sassaƙen da Iya ta ɗebo wa yarinyar nan bara, yana rataye a ɗaki."

Nan aka yi ɓarnar. Ta jiƙa shi ta dama kunu da ruwan. 'Yan gayya suka sha suka lumshe ido, suka nemi ƙari, makaɗa suka juya ganga suna kiran sunan Mantau har rana ta faɗi. Kansa ya kumbura. Da za a yi maimai, wato noma na biyu, bai tsaya neman ragowa ba, ya ɗauki gizago ya nufi rafi, babu gaisuwa babu laka, ya ɓare abin da ya cika kwando.

Ku kuwa kun san halin mutane. Kafin kaka kowa ya gane sirrin. Mai suna ya je, mai biki ya je, mai gayya ya je. Har wadda kawai kwaɗayi ya tasar mata da hantsi sai ta aika a saro mata. Mutane da ƙoshin lafiyarsu, ƙatti majiya ƙarfi, suna shanye maganin marasa lafiya don daɗin baki. Abin haushi ne, wallahi.

Iya Barmani ta dogara sandarta ta je bakin rafi ta same su suna ta sara. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ku ji tsoron Allah! Wane ne ba shi da lafiya a gidajenku? Wannan fa magani ne, ba kayan marmari ba. Kai Mantau, dubi yadda ka zagaye shi, ka kashe shi ke nan!"

Mantau ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, guda tara ne fa. In ɗaya ya gaji, ga takwas."

Ta ce, "Ni na karɓi haihuwarka, da jiƙon wannan itacen da ka kashe aka raya ka. Je ka, za ka nemo ni."

Suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Itatuwan kuwa suka shiga bushewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bushe ma ba a bar shi ya huta ba, sai a kayar a sassaƙa turmi da kujera. Cikin shekara biyu saura guda ɗaya, babban cikinsu, shi ma an feɗe shi iya inda hannun namiji yake kaiwa. Abin da ya rage masa wani siririn ɓawo ne, faɗin yatsu uku, ta gefen da sarƙaƙiya ta rufe. Ƙaya ce ta hana su kai wa nan, ba tausayi ba.

Sai ƙarshen damina ya zo, lokacin da gero ke fitar da kai, zazzaɓi ya sauka a Kwarin Dumma irin wanda ba a taɓa gani ba. Aka ruga rafi, aka tarar da kututture. Iya Barmani na cikin waɗanda suka fara tafiya, matar da ta shekara hamsin tana jiƙa wa mutane magani ta rasu ba a samu ko ludayi ɗaya an ba ta ba. Bayan kwana biyu Kyauta ta kwanta. Jikinta ya yi zafi rau, idanunta suka yi ɗorawa, ko ruwa ta sha sai ya dawo.

Da safe Mantau ya ɗauki gizago zai fita. Yalwa ta sha gabansa ta fizge. Ta ce, "Hannunka ya yi abin da zai yi. Zauna ka riƙe ta."

Ta tafi rafi ita kaɗai. Ta zagaya itacen ba ta ga ɓawo ba, sai fari fat kamar ƙashi. Ta kutsa cikin sarƙaƙiya, ƙaya na yagar zanenta da fatarta, har ta ga siririn nan da ya rage. Ba ta yi gaisuwa ba. Ta ɗaga gizago ke nan sai ta ji murya daga sama, mai kauri, tana rawa don fushi.

"Sara mana. Me kike jira?"

Gizagon ya kusa faɗuwa daga hannunta. A wancan zamanin itatuwa suna magana, sai dai ba kasafai ba, sai abu ya kai maƙura.

Maɗaci ya ce, "Sara, na ce. Shi ke nan abin da kuka bar mini, da shi nake jan ruwa zuwa ganyena. Yau 'yarki ta sha, gobe in bushe. In ta sake kwantawa baɗi, sai ki jiƙa mata turmi."

Yalwa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yarinyar ba za ta kai gobe ba."

"Haƙuri? Ni za ki ba haƙuri? Mu tara ne a nan. Tun kakanninku ba su san wurin nan ba muke tsaye. Wa ya taɓa zuwa da mara lafiya muka hana shi? Mun ba ku inuwa, mun riƙe muku gaɓar rafi, mun ba ku fatar jikinmu kuna yanka muna shiru, don mun ga 'ya'yanku suna tashi. Sai kuka mai da mu kayan kunu! Ƙanena da ke kusa da ni, ina kallo aka kayar da shi. Yana tsakar gidanku yanzu, a cikinsa kike daka gero."

Yalwa ita ma ranta ya ɓaci, don uwa in ɗanta na kwance ba ta jin wa'azi. Ta ce, "To ita yarinyar me ta yi maka? Shekararta shida. Uku na binne, Baba, uku! Ka kama masu laifi, ka bar mini ita."

Maɗaci ya ce, "Madalla. Faɗa mini mai laifin. Wane ne ya fara zuba ni a kunu?"

Da ta so, da ta ce Mantau, kuma ba wanda zai ƙaryata ta, don sunansa makaɗa suka kira. Amma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce. Ni na tuna masa da ragowar, ni na jiƙa, ni na dama."

Ganyen itacen ya kaɗa ko iska babu. Ita kuwa tana tsaye jini na bin ƙafafunta. Sai maɗaci ya ce, "Shekara biyu mutanen garinku suna zuwa nan, ke ce ta farko da ta ce ni ce. Ajiye gizagon daga wurin nan. Ki hau sama, inda hannuwanku ba su kai ba, akwai reshe mai kauri. Tafin hannu ta gabas, tafin hannu ta yamma. Amma ki sani, ba abin da kika saba za ki samu ba. Zaƙina ne ya kashe 'yan'uwana. Fushin da nake dannewa a saiwata tun ranar da aka fara, yau zan sake shi ya hau jikina duka, kuma ba zai sauka ba har abada. Daga yau mai lafiya ba zai kusance ni ba. Sai wanda ciwo ya fi ƙarfinsa."

Ta ce, "Zai yi magani?"

"Zai yi. Sai dai ruwan farko ya fi ƙarfin yarinya, wani ne zai shanye shi, a sake jiƙawa a ba ta na biyu. Ke za ki sha. Harshen da ya ɗanɗana kunun nan ya ce ya yi, shi zai ɗauka. Kuma in kin sha, kin yi sallama da zaƙi, ba za ki ƙara jin sa ba har ki mutu."

Yalwa ba ta ce bari in yi shawara ba. Ta ɗaure zanenta tamau, ta taka guraben saran da mazan garin suka bari, ta hau. Ta sara gabas, ta sara yamma. Ta sauko ta kwaso laka a rafi ta koma ta shafe, sannan ta ruga gida.

Da jiƙon ya yi ja, Mantau ya tsoma yatsa ya kai baki. Ya tofar, ya yi tsalle baya yana kakari. Ya ce, "Wannan guba ce! Kashe ta za ki yi?"

Ta ce, "Matsa mini, Baban Kyauta. Yau ba ranar bakinka ba ce."

Ta ɗaga ƙwaryar ta kafa kai. Ɗacin ya ratsa ta tun daga harshe har tsakar ka, hawaye suka zubo, amma ba ta sauke ba sai da ta ga gindin ƙwarya. Ta sake zuba ruwa. Da na biyu ya jiƙu ta ɗora Kyauta a cinya. Yarinyar ta kurɓa ta fasa ihu ta datse haƙora. Uwar ta matse ta da ƙafafu, ta toshe mata hanci, ta ɗura mata tana kuka ita ma tana kuka. Ranar aka fara ɗura a duniya.

Safe da yamma haka, har kwana uku. A na ukun gumi ya karyo wa Kyauta, ta buɗe ido ta ce yunwa take ji. Labari ya bazu, masu marasa lafiya suka tafi rafi a sunkuye, da gaisuwa da laka a hannu, kuma ba a sake jin wanda ya yi marmarin kunun maɗaci ba.

Mantau don murna ya je gona ya karyo takanɗa mai kauri, ya fere wa 'yarsa don ta wanke ɗacin bakinta. Kyauta ta tsotsa ta yi dariya, sai ta miƙa wa uwarta. Ta ce, "Inna, sha ki ji."

Yalwa ta karɓa ta tauna. Ruwan ya cika mata baki, ba ta ji komai ba, kamar ta tauna kara.

Yarinyar ta ce, "Da zaƙi ko?"

Ta haɗiye ta ce, "Da zaƙi, 'yata. Shanye abinki."

Shi ya sa har yau maɗaci bai huce ba, kuma ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Shi ya sa mai ɗibar sassaƙe na gaskiya yake sara gabas da yamma ya shafe da laka, wanda kuka ga ya zagaye itace da sara kuwa ku ce masa ɓarawo ne, ku ce ni na faɗa. Kuma shi ya sa har yau uwa ba ta ba ɗanta jiƙo sai ta fara kurɓa. Ku kuna ganinta ta haɗiye ta ce muku babu ɗaci. Akwai ɗaci, ta dai shanye ne don ku tashi.