Amin ɗin da ta kori jan-baki daga gonar Barakatu

Kai, wane marar kunya ne ke tambaya ko gaskiya ne? Na taɓa zaunar da ku in yi muku ƙarya? Ku rufe baki, ku buɗe kunne.

A shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Rusairis a ƙasar Sudan, an yi wani malami mai bishara, bawan Allah, ma'abocin ilimi da tawali'u da tsoron Ubangiji, Allah ya ƙara masa ɗaukaka, wanda Littafi ya zauna a ƙirjinsa har bai cika buɗe shi ba, bai kuma taɓa daka wa ko akuya tsawa ba. Hausawa Kirista masu sujada tare da shi, har da shi kansa, su bakwai ne cak, cikin wata rumfar kara da suke ce wa kanisa, wato coci.

A cikinsu akwai Barakatu, wadda mijinta Alhasan ya rasu da damina, ya bar mata yara uku da gonar dawa guda. Saura kwana kaɗan a yanke dawar, sai jan-baki suka sauko, tsuntsayen nan da Larabawa ke ce wa zarzur, masu share gona kafin azahar. Ba a korarsu sai da taron mutane da ihu, ga shi kowa yana tsaron tasa.

Ran Lahadin tunawa da tsarkaka, Barakatu ta je ta durƙusa. "Malam, a gafarce ni, yau ba ni zuwa sujada. In na bar gonar nan, yarana ba su da abinci bana."

Ya ce, "To, sujada za ta zo gare ki."

Suna tsaye a bakin gona, sai gabas ta yi duhu da tsuntsu. Barakatu ta dubi mutanen. "Mu bakwai, Malam, biyu ma tsofaffi!"

"Ƙidayarki ba ta cika ba, ɗiyata. Kowa ya kira sunan nasa da ya riga mu gidan gaskiya cikin bangaskiya."

Ya fara da manzanni da shahidai, sauran suka bi da iyaye da kakanni. Barakatu ba ta kira kowa ba, don a zatonta tsarkaka sai waɗanda sunansu ke cikin Littafi, ina ga Alhasan mai ɗaukar tsakuwa a madatsa?

Malam ya dube ta. "Wa ya koya miki addu'a?"

"Alhasan."

"Kira shi."

Ta kira. Malam ya yi 'yar gajeriyar addu'a, ya ce a ce Amin.

Baki bakwai aka buɗe, amma Amin ɗin da ta fito ta dubban mutane ce, har karan dawa ya kaɗa. Jan-baki suka yi sama, suka ƙetare kogi, ba su dawo ba.

Da azahar sai ga Hadizatu, maƙwabciyarta Musulma, da 'ya'yanta mata, ɗauke da tire uku na kisra, gurasar ƙasar, da miya. "Ke Barakatu! Kin yi baƙi kamar ranar kasuwa, ba ki gaya mini ba? Har tsakar gidana na ji su. Ina suke? Miya na hucewa!"

Barakatu ta yi dariya, hawaye na zuba. "Yaya, waɗannan baƙin sun daina jin yunwa. Zauna mu ci."

Rumbu biyu ta cika a shekarar.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji da ya yi wannan ta hannun bawansa. Ya sa mana albarka irin tasa, ya sa a kira sunanmu bayanmu. Ku ce Amin. Da ƙarfi, ba ta cikin hanci ba! Yawwa. Ku tashi, kowa kan tabarmarsa.