Maƙerin Da Ya Ƙi Ƙera Mashi

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanni, wani bawan Allah Musulmi, maƙeri mai suna Jatau. Ba malami ba ne, ba basarake ba ne. Garin nan Musulmi da Kirista ne, rafi ɗaya suke sha.

Wata rana da azahar rumbunan unguwar Musulmi suka kama da wuta, hatsin shekara ya ƙone ƙurmus. Toka ba ta huce ba aka ce ai Istifanus ne, wani manomi Kirista. Wa ya gan shi? Babu! Amma aka ce shi ne.

To, ku saurara. Jatau ya ga abin da ya faru. Daga maƙerarsa ya hango ƙanensa Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya cinna wa ciyawa wuta yana farautar gafiya, iska ta kwashe ta sai rumbuna.

Manyan unguwa suka cika maƙera. Suka ce, "Jatau, hura wuta. Mashi muke so."

Ya ce, "Ba zan ƙera ba."

Ilu ya matso, ya raɗa masa: "Yaya, ka rufa mini asiri."

Jatau ne fa ya goyi Ilu. Amma ya ce, "Da jinin wanda bai ji ba bai gani ba zan rufa maka asiri?" Ya miƙe ya faɗi gaskiya a gaban kowa.

Suka ce munafuki ne, ya sayar da addininsa. Suka farke masa zugazugi. Mutanen da yake sahu ɗaya da su, jama'a!

Ya haye rafi wurin Istifanus, ya tarar can ma ana wasa adduna. Istifanus ya tsaya gaban nasa mutanen ya ce, "Mai son taɓa Musulmi ya fara da ni." Shi ma suka kira shi matsoraci.

Su biyun nan suka je wurin gobarar, suka fara kwaɓa ƙasa don sake gina rumbunan. Kwana biyu ana yi musu dariya. Rana ta uku matan Kirista suka zo da dawa a ka. Kunya ta kama maza, suka shiga aiki. Ko ɗigon jini bai zuba ba. Ilu kuwa har Jatau ya mutu bai sake gaishe shi ba.

Ku fa? Magana ta shigo wayarku, ba ku gani ba, ba ku bincika ba, kun tura, kun zuga! Adalci ba na ɗan'uwanka kaɗai ba ne. Allah ya wajabta shi a kan kowa. In naku ne ya yi laifi, ku faɗa. In maƙwabcinku aka zalunta, ku tsaya masa, ko coci yake zuwa ko masallaci. Wallahi ranar da za a tambaye ku, ba mai amsa muku.