Shafin Auta

An yi wani mutum mai sayar da tayal, wanda in ana gardama a layinsu ya buɗe baki, to an gama. Shi ne babba a gidansu tun bayan rasuwar mahaifinsu. Gida ɗaya suke zaune da mahaifiyarsa, da matarsa da 'ya'yansa uku, da ƙaninsa da kowa ke kira Auta, malamin firamare. Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne, kuma sahun farko ba ya wuce shi. Don haka kada wani ya gyara zama ya ce yau labarin wasu za a ba mu.

Wata rana ya yi wa gidan rajista da wani kamfani mai manhajar waƙoƙi da finafinai. Kun san irinsu. Waƙa ka saurara iya son ranka, fim kuma ka ɗauka haya daga kan kujerarka, bayan kwana biyu ya rufe kansa. Lambar sirri ɗaya ce ta gida duka, amma kowa da shafinsa, da hotonsa a kai. Na yara cike da zane mai motsi. Na Mama, mahaifiyarsu, namun daji ne kawai, don ita tana iya wuni tana yi wa barewa addu'a kada zaki ya cim mata. Na maigidan kuwa karatu ne da wa'azi da labaran duniya, tsaf da shi, ko baƙo ya gani sai ya yaba.

To, manhajar nan tana da wani hali. Abin da ka taɓa yau, gobe za ta jero maka danginsa a gaban shafinka. Mai tayal ya gane haka da wuri, domin mutum ne mai kai.

Shagonsa yakan mutu tsakanin azahar da la'asar. Magina suna wurin aiki, masu gida suna ofis, ba kowa sai fanka da kwalayen tayal jere har rufi. A irin wannan lokacin ne wata tsohuwar waƙar soyayya ta faɗo masa a rai. Ya ɗauko waya zai nema, sai ya tsaya. In ya saurara a shafinsa, gobe matarsa za ta ga mawaƙa sun yi layi kusa da malamai. Sai ya dubi hoton Auta. Auta dai saurayi ne, waƙa a shafinsa ba abin magana ba ce, ga shi aikin makaranta ya sha kansa, ya yi watanni bai leƙa ba. Ya danna hoton ƙaninsa, ya toshe kunne da iyafis, ya ji waƙarsa. Da ya gama ya koma nasa shafin ya ga ba abin da ya canja, sai ya sauke ajiyar zuciya.

Daga waƙa aka koma fim. Daga fim ɗin da za ka kalla da iyalinka, aka koma wanda sai ka fara duba ƙofa. Ba zan siffanta muku ba, wurin nan ya fi ƙarfin haka. Yana ɗauka haya, ya koma bayan kwalaye ya kalla, kwana biyu fim ya rufe, shi kuma ya ce wa ransa ai ya wuce. Ina ya wuce, ya 'yan uwa? Fim ɗin ya rufe, amma danginsa suna ta taruwa a ƙarƙashin hoton wani bawan Allah da ke can yana koya wa yara lissafi.

Ana haka aka sa ranar auren Auta. Sai Mama ta yi ɗan ciwon ƙafa, mahaifin yarinyar da Auta zai aura ya zo dubiya da matarsa da ƙananan 'ya'yansu biyu. Aka cika falo, har da 'ya'yan mai tayal. Yaran baƙi suka fara ƙiriniya, Auta ya ɗauki rimot ya ce bari ya sa musu wani shirin koyon ƙirga da ya taɓa ajiyewa. Ya danna hotonsa hankali kwance, yana ma yi wa surukinsa hira.

Allon ya cika da abin da ya cika da shi. Matar baƙon ta rufe wa ƙaramar 'yarta ido da tafin hannu. Auta ya tsaya da rimot a hannu, ya kasa ko kashewa.

Mai tayal ya gane su tun kallon farko. Kalma biyu kawai ake nema a wurinsa: ni ne. Bai faɗa ba. Ya miƙe ya karɓi rimot, ya kashe talabijin, ya dubi ƙaninsa ya ce, "A gidan da na riƙe ka, Auta? A gaban Mama?"

Auta ya ce, "Yaya, wallahi ban san su ba."

Ya ce, "Hoton wa ke kai?"

Auta ya dube shi, kallo mai ɗan tsawo, sannan ya sunkuyar da kai bai ƙara cewa komai ba. Baƙi suka nemi takalmansu. Kwana uku aka aiko cewa a dakata da maganar aure tukuna. Auta ya haɗa jakarsa ya koma ɗakin wani abokin aikinsa, don ya ce ba zai iya haɗa ido da Mama ba. Mai tayal ya tara gida ya canja lambar sirri a gabansu, ya ce daga yau shi kaɗai ya san ta, kuma ba mai ƙara shiga daga waje. Da ya isa shago washegari ya zauna, sai ya ji wani sanyi a ransa, ya ce Allah ya rufa asiri. Ku ji fa. Ya tona na ɗan uwansa da ƙarya, yana gode wa Allah da ya rufa nasa.

Me ya hana shi goge shafin Auta? Shi dai ya ce mantuwa ce. Ni kuwa na ce ya bar shi ne domin ya san zai koma. Ya yi mako uku bai taɓa ba. A na huɗu, rana ta take, shago ya yi tsit, ya ce wa kansa ai yanzu ba mai buɗe wannan shafin, kowa ƙyamarsa yake. Ya danna.

Akwai mai buɗewa. Bai sani ba sai wata rana da ya dawo gida bayan la'asar, ya tarar an kai yara maƙwabta, Mama na zaune a falo ita da matarsa, talabijin a kunne ba sauti.

Mama ta ce, "Babba, zauna. Lambar nan da ka canja, wa ka ba?"

Ya ce, "Ba kowa, Mama. Ni kaɗai."

"Ko Auta?"

"Shi ne ma na farkon wanda ba zai samu ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ni ban iya karatu ba, ka sani. Amma jikata ta nuna mini jan layin nan da ke ƙasan fim, ta ce shi ke nuna inda mutum ya tsaya. Da shi nake gane inda na bar barewata. Tun da yaron nan ya tafi, kullum in kun fita sai in buɗe wurinsa, don hotonsa na nan a sama, in ɗan gan shi. Ƙazantar da ke ƙasa ba na kallo. To shekaranjiya sai na ga wata sabuwa ta fito, da jan layinta ɗan kaɗan. Na ce ko idona ne. Na yanko filasta na manna a gilashin, daidai inda layin ya tsaya."

Ya ɗaga kai. Ga guntun filasta nan manne a jikin allo, ga jan layi ya wuce shi da kusan tsawon yatsa.

Ta ce, "Yara suna makaranta. Matarka tana tare da ni wuni guda, rimot yana ƙarƙashin matashina. Wa ya tura shi gaba?"

Matarsa ta tashi ta shige ɗaki ta ja ƙofa a hankali. Mai tayal ya zame daga kujera ya durƙusa ya ce, "Ni ne, Mama. Tun farko ma ni ne."

Ya zaci za ta yi kuka, ko ta ɗaga masa hannu. Sai ta jingina da kujera ta lumshe ido, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ɗana bai yi mini ƙarya ba." Sannan ta ce, "Kai kuma, da bakin da ka ɓata shi, da shi za ka wanke shi. Tashi tun rana ba ta faɗi ba."

Ya tafi gidan mahaifin yarinyar da ƙafarsa. Ya tarar da shi a ƙofar gida da mutane, ya nemi su keɓe. Dattijon ya ce a gaban iyalinsa aka kunyata yaron, magana kuma ta riga ta zaga, don haka a faɗa a nan. Ya faɗa a nan. Kafin mako ya zagayo, ba wanda bai ji ba. Aka sauke shi daga kwamitin iyayen yara. Masu kawo masa ƙarar 'ya'yansu don ya yi musu faɗa suka daina. In ana gardama a layi ya matso, sai a canja hira. Matarsa ta yi wata biyu ba ta ce masa komai ba bayan gaisuwa. Girman da ya yi shekara ashirin yana tarawa ya zube a yammaci ɗaya.

Amma ga abin mamaki. Shi da bakinsa ya ce, ranar da ya baro ƙofar dattijon nan, kunya kamar ta kashe shi, a ranar ne ya fara jin numfashinsa na kai masa har ciki. Ya daina zabura in an taɓa rimot. Ya daina kauce wa titin makarantar firamare.

Aka mayar da ranar aure. Auta ya dawo gida, Mama ta riƙe hannunsa ta ƙi saki har abincinsa ya huce. Da suka samu wuri su biyu a tsakar gida, mai tayal ya ce, "Auta, ka yafe mini. Na san ba ka taɓa zaton daga wurina abin ya fito ba."

Auta ya ce, "Yaya, tun a falon na sani. Mama ba ta iya ba, Anti matarka ba za ta yi ba, yara ba su kai ba. Saura wa?"

"To me ya sa ka yi shiru?"

"'Ya'yanka suna wurin. Ni aure zan rasa, su kuwa uba za su rasa."

Ya 'yan uwa, wannan maganar ta fi sauke shi daga kwamiti zafi, kuma ita ce ta gyara shi.

Ku lura da kyau. Laifin da ya yi a bayan kwalaye tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ƙofar tuba kuma a buɗe take, da ya tuba a ɓoye da ba wanda zai ji. Abin da ya rushe shi shi ne ɗaukar laifinsa ya rataya wa wanda bai ji ba bai gani ba. Kuma kada ku ce mu ba mu da manhaja. Wa ya ɓata aiki a ofis ya bari aka kori na ƙasa da shi? Wace ce ta fasa abu ta ce 'yar aiki ce? Wa aka tambaya ya yi shiru alhali kalmarsa ɗaya za ta wanke mutum? Mai tayal ya yi sa'a, an tone shi yana da rai, wanda ya zalunta yana da rai, yana kuma da bakin cewa na yafe. Ba kowa ke samun haka ba. In akwai wanda ke ɗauke da kayanka a yau, yana shiru don kunyarka ko don tsoronka, kada ka jira a gano. Je ka sauke masa da hannunka.

Allah ya kiyaye mu daga jingina wa bayinsa abin da hannunmu ya aikata. Allah ya ba mu ƙarfin cewa "ni ne" tun muna da harshen faɗa. Amin.