Gyaɗar Bature

Akwai wani direban tasi a garin Sterling mai suna Nassirou, ɗan Maraɗi. Mutumin kirki ne, amma in dai Faransanci ne, ba ya yarda akwai kalmar da ta fi ƙarfinsa.

A hutun 2014 ya kai matarsa Bariatu, 'yar Kumasi, da 'yarsu Raheema yawo Faransa. Wata rana da azahar suka tsaya cin abinci a wani ƙauye da gonakin inabi suka kewaye.

Raheema tana da lalura. In ta ci walnut, maƙogwaronta kumbura yake yi. A gida "gyaɗar Bature" suke kiransa.

Bariatu ta ce, "Baban Raheema, ka san sunan gyaɗar Baturen nan da Faransanci kuwa? Ko in nuna musu hoto a waya?"

"Haba! Ni da na yi karatun lakwal da harshen nan? Ajiye wayarki."

Gaskiyar magana bai sani ba, don ba a noma ta a Maraɗi. Sai ya dubi Constance, tsohuwar da ke da gidan abincin, ya ce ban da giya, ban da alade, ban da "arachide". Wato gyaɗarmu ta gida.

Aka kawo salak, an zuba masa man walnut.

Raheema ta yi loma uku, ta kama wuyanta. Leɓɓanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar usur. "Daddy..." kawai ta iya cewa.

Bariatu ta ƙwala salati. Ta zazzage jaka, ta soka wa yarinyar allurar gaggawar da suke yawo da ita a cinya. Nassirou kuwa ya sandare, duk Faransancin ya gudu.

Asibiti da nisa. Constance ta bar tukunya a wuta, ta kwashe su a motarta. Duk hanya Nassirou na rungume da 'yarsa, yana kasa kunne ko tana numfashi. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti likita ya tambaye shi, "Me ta ci?"

Nassirou ya fashe da kuka. "Ban san sunansa ba. Bariatu, nuna masa hoton."

Allah Ya yi Raheema na da sauran kwana.

Darasi: Cewa "ban sani ba" ba ya rage wa mutum daraja, amma girman kai kan iya raba shi da abin da ya fi so. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.